Alan Turing, Masanin Lissafin da Ya Tona Asirin Jamusawa

Duk wanda ya karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, ya san sunayen shugabanni da manyan hafsoshin da suka ja ragamarsa. Amma akwai wani mutum da bai taɓa zuwa fagen fama ba, ga shi kuwa yana cikin waɗanda suka fi kowa taimakawa wajen karya ƙarfin Jamus. Makaminsa fensir ne da takarda da ƙwaƙwalwa. Sunansa Alan Turing. 'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, tarihin wannan mutum nake so in kawo muku, domin a cikinsa akwai abin sha'awa, akwai kuma abin tausayi.

An haifi Alan Turing a birnin Landan ran 23 ga watan Yuni, 1912. Mahaifinsa, Julius Turing, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a Indiya, mahaifiyarsa kuwa 'yar wani babban injiniyan jirgin ƙasa ce a can Madaras. Da yake iyayen suna so 'ya'yansu su tashi a Ingila, sai suka bar Alan da wansa John a hannun wani tsohon soja da matarsa, su kuma suka riƙa kai da kawowa tsakanin ƙasashen biyu. Ke nan tun yana ƙarami ya san zaman riƙo da kewar iyaye.

Cikin 1926, yana da shekara 13, aka ɗauke shi a wata makarantar kwana da ake kira Sherborne. Ranar da ya kamata ya isa makaranta sai ta zo daidai da babban yajin aikin da ma'aikatan Ingila suka yi, jiragen ƙasa kusan duk sun tsaya. Ya sauka daga jirgin ruwa a Southampton, ya ga ba abin hawa. Wani yaron da sai ya zauna ya jira, shi kuwa sai ya hau kekensa ya kama hanya shi kaɗai. Ya yi tafiyar mil 60, ya kwana a wani masauki a hanya, kashegari ya isa makaranta.

Zaman makarantar bai yi masa daɗi sosai ba. A wancan zamani malaman irin waɗannan makarantu sun fi ɗaukaka Latinanci da Girkanci, suna ganin kimiyya ba ta kai su daraja ba. Alan kuwa ba abin da ke ransa sai lissafi da gwaje-gwajen sinadarai. Rubutunsa kamar tafiyar kaza, littattafansa duk tawada, rahotonsa kullum da ƙorafin malamai. Duk da haka yana ɗan shekara 16 ya karanta ayyukan Ainstain ya gane su.

A nan ne ya haɗu da wani ɗalibi mai suna Christopher Morcom, wanda ya girme shi da shekara guda, shi ma gwanin lissafi da ilmin taurari. Alan ya so shi so mai tsanani, ya kuma gyara aikinsa na aji don kada ya ji kunya a gabansa. Cikin watan Fabrairu na 1930 Morcom ya rasu da wani irin tarin fuka da ya ɗauka tun yana yaro ta hanyar shan madarar saniya mai ciwo. Wannan rashi ya girgiza Alan ƙwarai. Ya daɗe yana rubuta wa mahaifiyar abokin nasa wasiƙu, ya kuma shiga tunanin yadda hankalin mutum yake aiki, da dangantakarsa da ƙwaƙwalwa. Wannan tambaya ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ya shiga Jami'ar Kambirij a 1931, ya gama digirinsa na lissafi da daraja ta ɗaya a 1934. Shekara guda bayan haka, yana da shekara 22 kacal, kwalejinsa ta zaɓe shi cikin manyan masananta. To, a lokacin akwai wata tambaya da wani shahararren masanin lissafi Bajamushe, David Hilbert, ya jefa wa duniya a 1928. Tambayar ita ce: shin akwai wata tsayayyar hanya guda, wadda in aka bi ta daki-daki za a iya yanke hukunci a kan kowace magana ta lissafi, a ce tana tabbatuwa ko ba ta tabbatuwa?

Kafin a amsa wannan, sai an san mene ne ake nufi da tsayayyar hanya. Dabarar Turing ita ce ya ƙaga wata na'ura a cikin tunaninsa. A ɗauka ga wani dogon ƙyallen takarda marar iyaka, an raba shi gida-gida kamar gidajen dara. Na'urar tana duban gida ɗaya a lokaci guda. Tana iya karanta alamar da ke ciki, ta goge, ta rubuta wata, sa'an nan ta matsa dama ko hagu, duk bisa ga jerin umarnin da aka ba ta. Ya nuna cewa duk wani lissafi da akawu zai iya yi ta bin ƙa'ida, wannan na'ura za ta iya yinsa. Daga nan ya tabbatar da cewa akwai tambayoyin da ba wata na'ura irin wannan da za ta iya warwarewa, don haka amsar tambayar Hilbert ita ce babu.

Amma abin da ya fi wannan amfani shi ne wani tunani da ya biyo baya. Ya ga ba lalle ne a ƙera wa kowane aiki na'urarsa dabam ba. Ana iya ƙera guda ɗaya, a rubuta mata umarnin kowace na'ura a kan takardar, ta karanta ta yi aikinta. A canza umarni, ta canza aiki. Wannan shi ne tushen kwamfuta. Shi ya sa wayar hannu guda take yin lissafi, ta ɗauki hoto, ta aika da saƙo, alhali ƙarfen bai sauya ba. Turing ya rubuta wannan a 1936, lokacin da babu kwamfuta ko ɗaya a doron ƙasa. Daga nan ya tafi Jami'ar Princeton a Amurka, ya sami digirin dakta a 1938, ya komo gida.

Ran 3 ga Satumba, 1939, Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus. Kashegari Turing ya isa wani gida da ake kira Bletchley Park, inda gwamnati ta tara masana a asirce don su karanta saƙonnin abokan gaba. Jamusawa suna aika da umarninsu ta wayar iska, kowa na iya kamawa, amma ba mai iya ganewa, saboda sun rikita haruffan da wata na'ura mai suna Enigma. Ita wannan na'ura kamar tafireta take. In an danna harafi, sai wuta ta bi ta cikin wasu faya-fayai guda 3 masu juyawa, wani harafi dabam ya haska. Kowace dannawa tana juya faifai, saboda haka ko an danna harafi ɗaya sau biyu, da wuya abin da zai fito ya zama iri ɗaya. Hanyoyin da za a iya saita ta sun kai kusan 159 da sifiri 18 a bayanta, kuma kullum sai an sake saiti.

Gaskiya ita ce ba Turawan Ingila suka fara karya ta ba. Wasu masanan lissafi na ƙasar Folan, Marian Rejewski da abokan aikinsa biyu, su suka fara gano yadda take tun 1932. Da suka ga yaƙi ya matso, sai suka miƙa wa Ingila da Faransa duk abin da suka sani cikin Yuli na 1939. Amma Jamusawa sun yi ta ƙara wa na'urar wuya, har dabarun farko suka daina aiki. A nan ne Turing ya shigo.

Enigma tana da wani rauni guda: ba ta taɓa mai da harafi ya zama kansa. Ban da haka, sojojin Jamus suna yawan maimaita wasu kalmomi, kamar a rahoton yanayi da suke aikawa kowace safiya. Sai Turing ya tsara wata babbar na'ura da aka kira Bombe. Masana za su yi hasashen wata kalma da suke zaton tana cikin saƙo, su ba na'urar. Ita kuma ta riƙa gwada saiti bayan saiti da sauri, duk wanda ya kawo saɓani ta watsar da shi, in ta iske wanda bai saɓa ba ta tsaya, mutane su duba. Ta farko ta fara aiki cikin Maris na 1940. Wani abokin aikinsa, Gordon Welchman, ya ƙara mata wata dabara da ta ninka amfaninta. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera fiye da 200.

Aiki mafi wuya shi ne na saƙonnin sojojin ruwa, kuma shi Turing ya ɗauka, ya shugabanci sashen da ake kira Ɗaki na 8. Ingila tsibiri ce, abincinta da manta da makamanta ta teku suke zuwa, har da gyaɗa da manja daga Afirka ta Yamma. Jiragen Jamus masu nutso kuwa suna ta nutsar da jiragen kaya a Tekun Atilantika, har aka ji tsoron yunwa za ta sa ƙasar ta miƙa wuya. Da taimakon wasu takardu da aka ƙwato daga jiragen Jamus a 1941, Turing da mutanensa suka fara karanta saƙonnin. Aka riƙa sanin inda jiragen ke kwanto, ana karkatar da ayarin jiragen kaya ta wata hanya, hasara ta ragu ƙwarai. Cikin Oktoba na shekarar, da ƙarancin ma'aikata ya dame su, shi da abokansa uku suka rubuta wa Firayim Minista Cocil wasiƙa kai tsaye, shi kuwa nan take ya ba da umarni a ba su duk abin da suke bukata.

Ba Turing kaɗai ya yi wannan aiki ba. Mutanen da suka yi aiki a Bletchley Park sun kusa 10,000, kuma kashi uku cikin huɗu mata ne. Cikin Fabrairu na 1942 Jamusawa suka ƙara faifai na huɗu, aka koma cikin duhu har Disamba, sai da wasu sojojin ruwa biyu suka rasa rayukansu wajen ɗebo takardu daga wani jirgi da ke nutsewa. Amma kowa ya yarda cewa a fannin dabara Turing ne kan gaba. Wani masanin tarihi da ya yi aiki a wurin, Harry Hinsley, ya ƙiyasta cewa aikin gidan ya rage tsawon yaƙin da shekara 2 ko fiye.

Abokan aikinsa sun san shi da halaye na ban dariya. Yakan ɗaure kofin shayinsa da sarƙa don kada a ɗauke. In lokacin furanni ya zo, ƙurarsu tana sa shi atishawa, sai ya sa takunkumin kare hayaƙin guba ya hau keke ya tafi aiki. A farkon yaƙi ya sayi sandunan azurfa ya binne a daji, bayan yaƙi ya neme su ya rasa.

Akwai kuma wani al'amari game da shi wanda kaɗan ne suka sani. Turing mutum ne da zuciyarsa ke karkata ga maza 'yan'uwansa, ba ga mata ba, kuma a Ingila ta wancan zamani tarayyar namiji da namiji laifi ne da ake ɗauri a kansa. A 1941 ya nemi auren wata abokiyar aikinsa, Joan Clarke, ita ma gwanar lissafi. Bai ɓoye mata halinsa ba, ita kuma ba ta janye ba. Amma daga baya ya ga in ya ci gaba zai cuce ta, sai ya warware alkawarin. Suka ci gaba da zumunci har ƙarshen rayuwarsa.

Da aka gama yaƙi aka ba shi lambar girma, amma ba a faɗi dalili ba, domin an rantsar da duk ma'aikatan kada su furta kome. Ya koma kan tsohon burinsa. A 1946 ya gabatar da cikakken tsarin kwamfuta mai aiki da lantarki, sai dai jan ƙafar hukuma ya gajiyar da shi, ya bar wurin, ƙaramin samfurinta bai fara aiki ba sai 1950. A 1948 ya koma Jami'ar Mancesta, inda ake gina ɗaya daga kwamfutocin farko na duniya. Yakan huce takaicinsa da gudu. Ya taɓa gama gudun fanfalaki na mil 26 cikin awa 2 da minti 46, wato bambancinsa da wanda ya ci gasar Olamfik ta 1948 minti 11 ne kawai.

A 1950 ya rubuta wata maƙala a kan ko na'ura za ta iya tunani. Maimakon a tsaya gardama a kan ma'anar tunani, sai ya kawo gwaji. A ɓoye mutum da na'ura, wani ya riƙa aika musu da tambayoyi a rubuce. In ya kasa bambance wane ne mutum, to, ba shi da hujjar hana na'urar sunan mai basira. Har yanzu masu binciken ƙirƙirarriyar basira suna ambaton wannan gwaji da sunansa. A 1952 kuma ya juya ga halittu, ya nuna da lissafi yadda sinadarai biyu masu yaɗuwa da sauri dabam-dabam za su iya haifar da rodi-rodin damisa ko zanen jakin dawa. Sai bayan shekaru kusan 40 aka tabbatar da irin wannan tsari a ɗakin gwaji.

Cikin wannan shekara ce masifa ta auko masa. A watan Janairu ɓarawo ya shiga gidansa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Garin bincike sai ta bayyana cewa ɓarawon sanin wani saurayi ne da Turing ke tarayya da shi. Da aka tambaye shi bai yi ƙarya ba. Nan take mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. Aka gurfanar da shi a ƙarƙashin wata doka ta 1885, wadda da ita aka ɗaure marubucin nan Oscar Wilde a 1895. Ran 31 ga Maris, 1952, ya amsa laifi a gaban alƙali. Ba wanda ya iya tashi ya bayyana wa kotu abin da ya yi wa ƙasarsa filla-filla, saboda rantsuwar asiri.

Aka ba shi zaɓi, ko gidan yari, ko a yi masa allurar sinadarin mata har shekara guda don a kashe masa sha'awa. Ya zaɓi allura don ya ci gaba da bincikensa. Maganin ya sauya masa jiki, har nono ya fito masa. Aka kuma hana shi duk wani aikin asiri na gwamnati, wato aikin da ya fi kowa iyawa, 'yan sanda suka sa masa ido. Duk da haka bai daina zuwa jami'a ba, bai kuma daina rubutu ba.

Ran 8 ga Yuni, 1954, mai yi masa aikin gida ta iske shi ya rasu a kan gadonsa. Likitoci suka ce guba ce, kuma tun ran 7 ga wata ya cika. Mai binciken gawa ya yanke cewa shi ya kashe kansa, mahaifiyarsa kuwa ta tsaya a kan cewa tsautsayi ne, domin yana gwaje-gwaje da wannan guba a gida. Shekarunsa 41.

Ya mutu mutanen ƙasarsa ba su san bashin da yake bin su ba. Sai a 1974 labarin Bletchley Park ya fara fitowa fili. Kafin nan, a 1966, masana kwamfuta sun kafa wata lambar yabo da sunansa, wadda ake ɗauka ita ce mafi girma a fanninsu, a 1967 kuma an sassauta dokar da ta haramta tarayyar namiji da namiji a Ingila da Wales. A 2009, bayan fiye da mutum 30,000 sun sa hannu a takardar koke, Firayim Minista Gordon Brown ya nemi gafara da sunan gwamnati, ya amsa cewa an zalunce shi. Ran 24 ga Disamba, 2013, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi masa afuwa. Mutane suka ce ai ba shi kaɗai ba ne, akwai dubban maza da aka hukunta da irin wannan doka, saboda haka a 2017 aka yi dokar afuwa gare su, wadda jama'a ke kira da sunansa. Ran 23 ga Yuni, 2021, ranar haihuwarsa, aka fitar da sabuwar takardar fam 50 da hotonsa a jiki.

Duk waɗannan girmamawa ihu ne bayan hari, domin wanda aka yi dominsa bai ga ko ɗaya ba. Ƙasar da ya taimaka wajen ceto ta ita ce ta wulaƙanta shi shekara 7 bayan nasara, kuma da bakinta ta zo ta amsa haka. Hasarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Mutumin da ya aza harsashin kwamfuta yana ɗan shekara 24 ya tafi a daidai lokacin da na'urar ta fara tsayawa da ƙafafunta, ya bar bincikensa na halittu bai kammala ba.

Mu ɗalibai kuma akwai abin da ya shafe mu. Yaron da malamansa suka yi ta kuka da ƙazantar rubutunsa, wanda 'yan ajinsa ke gani baƙo a cikinsu, shi ne aka wayi gari ƙasa duka ta dogara da ƙwaƙwalwarsa. Kafin mu yi wa wani dariya a aji ko a ɗakin kwana don halinsa ya sha bamban da namu, ya kamata mu tuna ba mu san abin da ke cikin kansa ba. Iyayenmu da malamanmu kuwa, in sun ga yaro ya nace wa wani fanni, ina roƙonsu su ƙarfafa masa gwiwa tun yana da sauran ƙuruciya.